Ma'ajin Kayan Aikin Masassaƙi da na Kafinta a Ƙasar Gwandu

Sana'ar itace iri biyu ce a ƙasar Gwandu, kamar yadda ta ke a sauran ƙasar Hausa. Akwai sassaƙa, wadda aka gada tun kaka da kakanni, akwai kuma aikin kafinta, wanda bai kafu ba sai bayan zuwan Turawa. Masu binciken sana'o'i sun fi mai da hankali ga abin da ya ke fita daga hannun mai sana'a, watau turmi da akushi da kujera da ƙyaure, ba safai su kan tambayi inda ya ke ajiye kayan aikinsa in rana ta faɗi ba. Alhali kuwa waɗannan 'yan ƙarafa su ne jarinsa duka. In tsatsa ta ci su, ko gara ta cinye ƙotocinsu, ko ɓarawo ya kwashe, to, gwanintarsa ba ta ciyad da iyalinsa ko da yini ɗaya. Saboda haka ma'ajin kayan aiki yana da tarihinsa, ana kuwa iya bin sawunsa ta cikin kalmomin da Hausa ta ke da su, da waɗanda ta aro, da lokacin da ta aro su.

Garin Gwandu yana gabas da Birnin Kebbi. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa tun daga 1805 kafin ya koma Sifawa, nan kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya mai da mazauninsa, ya riƙe yammacin daula har rasuwarsa. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi, kusa da fadamar gulbi, cikin masarautar Gwandu ɗin. Shugabannin jihadi ba su raina masu sana'a ba. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hore shi da ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya zama sai da su, ya sanya su cikin garuruwa da ƙauyuka, ya kuma ambaci masu aikin itace tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta. Kalmar Larabci da a ke fassarawa da kafinta a yau, a ƙasar Hausa ta wancan zamani masassaƙi ta ke nufi, gama shi ne mai aikin itacen da a ke da shi.

Babban abin da ya kamata a fara lura da shi game da masassaƙi shi ne, shi ya ke zuwa wurin itace. Gungumen ƙirya da za a yi turmi da shi, ko maɗacin da za a fafe a yi wa masuntan Kabi jirgi, ba abin da mutum ɗaya zai ɗauko ya kawo gida ba ne. Sai ya tafi daji ya sare, ya rage masa nauyi a can, ya fitar da siffarsa, sa'an nan ya kawo gida ko bakin kasuwa ya ƙarasa. Wanda aikinsa ya ke haka, tilas kayansa su zama kaɗan, marasa nauyi. Gatari ne na sara, da gizago babba da ƙarami na sassaƙa da fafa, da wuƙa ta gyara, da ƙarfen da a ke sa wa a wuta a huda itace, da ɗan dutsen washi. Ban da dutsen washin, dukansu aikin maƙerin gari ne, da ƙarfen da aka narke daga tama. In baki ya dakushe a wasa, in ya karye a mayar maƙera, in ƙota ta tsage shi da kansa zai sassaƙo wata daga marke ko aduwa.

Yadda a ke ɗaura gatarin Hausa da gizago shi ma ya sauƙaƙa al'amarin ajiya. Ƙarfen yana da wutsiya mai tsini wadda a ke cusa wa cikin hudar da aka yi a kan ƙota, babu ƙusa, babu ɗauri. In an buga ƙeyar ƙotar da dutse sai ƙarfen ya kwaɓe. Don haka masassaƙi ya kan saɓa babban gatari da gizago ɗaya a kafaɗa, bakin yana rataye ta baya, sauran ƙarafan kuwa ya kwaɓe su ya zuba cikin burgami, watau jakar fatar akuya, ko ya naɗe su cikin tsumma ya ɗaure. Abin ɗaurin ma a daji ya ke samunsa, ɓawon itacen kalgo, wanda a ke salewa a yi igiya da shi, itacen nan da sunansa ya ke ɗaya da na garin. Fata kuwa ta dace da wannan aiki, domin ba ta dakusar da baki, ba ta kuma ƙara nauyi.

In ya komo gida, ba ya ajiye su ƙasa. Dalili uku ne: gara, da laima, da yara. A ɗakin ciyawa a kan soke gizago cikin jinka ta ciki, tsakanin tsaiko da ciyawa. A soro a kan maƙala shi a tsakanin azara, ko a rataye burgamin jikin turken da aka kafa cikin bango tun ana gini, ƙananan ƙarafa kuma a sa su cikin alkuki. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, sama kuma ta fi ƙasa bushewa da damina, in ɗakin ana hura wuta a ciki hayaƙi ya kan ƙara tsare ƙota daga ƙwari. Wannan hikima ce ta mutanen da ba su da katako, ta kuwa isar musu shekaru aru aru.

Nan harshe yana da abin da zai nuna. Hausa ta kan sa ma- a farkon aikatau ta fitar da sunan mai aiki, ko na wurin aiki, ko na abin aiki. Daga sassaƙa aka sami masassaƙi, daga rataya aka sami maratayi, daga zuba aka sami mazubi, daga ajiye aka sami ma'aji, wanda ya ke nufin wurin ajiya, ya ke kuma nufin mutumin da aka danƙa wa dukiyar sarki. Waɗannan duka kalmomi ne na kowa da kowa, ba su keɓanta da wata sana'a ba. Amma akwai sana'o'in da ma'ajin kayansu ya sami suna nasa na kansa. In aka ce zabira, kowa ya san wanzami a ke nufi. In aka ce gafaka, malami ne da littattafansa. Abin da ya haɗa wanzami da malami shi ne, kayansu masu yawa ne, ƙanana, masu saurin lalacewa, sai an tsara su gida gida. Masassaƙi kuwa ba da jaka a ke gane shi ba, da gizagon da ke kafaɗarsa a ke gane shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana mai aikin itace ya yi wa kansa akwati? Amsar tana cikin kayan aikin nan nasa. Wanda ba shi da zarto, in yana son fallen itace ɗaya mai faɗi, sai ya sassaƙe gungume guda har ya zama falle, sauran duk ya tafi a ɓarɓashi. Haka a ke yin allon karatu, haka a ke yin ƙyauren manyan gidaje, shi ya sa ƙyauren itace ya ke abin masu hali. Akwati kuwa falle shida ya ke bukata. Abin da mutane su ke zuba tufafi da kayan daraja a ciki shi ne adudu, wanda a ke saƙawa, wani lokaci a lulluɓe shi da fata. Kalmar sanduƙi daga Larabci ta zo, ta hanyar littattafai da fatauci. Kalmomi biyu da kafinta ba ya yini bai faɗe su ba kuwa, watau akwati da katako, masana harshe sun danganta su da Yarabanci, inda a ke cewa apoti da patako. Harafin p na rubutun Yarabanci sauti ne da a ke furtawa da leɓɓa da hanɗa lokaci ɗaya, kamar a haɗa k da p. Hausa ba ta da shi, saboda haka ta mai da shi kw a cikin akwati, ta mai da shi k a cikin katako. Ma'ana, abin da sunansa duka daga kudu suka hauro, daga ƙasar kurmi mai manyan itatuwa. Ƙasar Gwandu kuwa ba baƙuwar kudu ba ce, gama Nufe da Ilori a ƙarƙashin tutarta su ke a ƙarni na 19, kasuwar Jega kuma tana cikin manyan mahaɗar fatake na wannan yanki.

Turawa suka ci ƙasar Gwandu da Sakkwato cikin 1903, fadar Sarkin Gwandu kuma ta zauna Birnin Kebbi. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a ciki har da sashen koyon sana'a inda a ke koyad da aikin katako. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, wani reshensa ya kai Kaura Namoda cikin 1929, daga nan motoci su ke ɗaukar kaya zuwa lardin Sakkwato. Ta waɗannan hanyoyi katakon da aka yanka da inji ya riƙa shigowa, tare da ƙusa da kwanon rufi. En'e tana bukatar tebur da benci da kabad don ofisoshi da makarantu da ɗakunan shari'a, ma'aikatarta ta ayyuka ta ɗauki kafintoci, da yawansu mutanen kudu ne da farko, yaran gari suna koyo a hannunsu. A gefe guda kuma dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta biyo bayanta cikin 1937, suka sa masassaƙi ba ya sare babban itace yadda ya ga dama sai da izini. Talaka ma ya sami katako ta wata ƙofa da ba a zata ba: kananzir ya kan zo cikin garwa biyu biyu a akwatin katako, in an sayar da man, akwatin ya zama kujera, ko kanta, ko ma'ajin kayan ɗan koyo.

Sunan sabon mai sana'ar daga Ingilishi aka hausantar da shi, kafinta, a bakin mutanen Gwandu da Kalgo kuwa kahinta, domin Hausar yamma ta kan mai da fi ta zama hi, kamar yadda a ke cewa kihi da hita. Haka tebur da benci da kabad da hama da filaya da sukundireba, duk ruwa ɗaya ya kawo su. Bambancin kafinta da masassaƙi, game da abin da a ke magana a kai, shi ne itace ya ke zuwa wurinsa. Yana da teburin aiki mai nauyi wanda ba ya ɗaukuwa, kayansa sun ninka na masassaƙi sau da yawa, mafi yawansu kuwa maƙerin gari ba ya iya ƙera su. Zarto da abin feren katako daga Ingila a ke kawo su a lokacin, a saye su a kanti da tsada. Haƙoran zarto in sun gogi wani ƙarfe sun dakushe, in tsatsa ta kama fallensa ya daina shiga itace sumul, ma'aunin kusurwa in ya faɗi ya karkace ya zama maƙaryaci, duk ƙyauren da aka auna da shi ba zai shiga gurbinsa ba. Irin waɗannan kaya ba su zama cikin burgami. Akwati mai kwaɗo, mai 'yan gidaje a ciki, shi ne ya amsa bukatar, kafinta kuma yana da zarton da zai yi shi da kansa.

Ba Hausawa suka fara isa ga wannan shawara ba. A tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin wani manomi ya tono akwatin itace cikin 1936, cike da kayan ƙira da na aikin katako, wanda a ke ƙiyasta ya kai shekara dubu. A garin Rochester na Ingila kuma akwai akwatin Benjamin Seaton a gidan adana kayan tarihi, kayan da mahaifinsa ya saya masa cikin 1796, shi kuma ya yi musu akwati da hannunsa. A al'adar Ingila ta wancan zamani kayan aiki na ma'aikaci ne, ba na mai ɗaukarsa aiki ba, don haka ya kan zo da akwatinsa, ya kulle shi da yamma, in ya bar wurin ya tafi da abinsa.

To, amma abin da makarantun sana'a da kwalejojin horon malamai suka fi koyarwa wani tsari ne dabam. A ɗakin koyon aikin hannu a kan kafa babban allo jikin bango, a buga masa ƙusoshi, a zana siffar kowane abin aiki a wurin da ya ke rataye, ko kuwa a jera su cikin kabad mai makulli. In an tashi, malami ya ɗaga kai sau ɗaya ya ga gurbin da babu kome, ya san abin da ya ɓace kafin ɗalibai su fita. Dabara ce mai kyau, amma fa damuwar da ta ke magancewa ta makaranta ce: kayan hukuma ne, hannaye talatin su ke taɓa su, akwai littafin sito da za a bincika a ƙarshen shekara. Kuskuren da a kan yi shi ne a ɗauka wannan ne kaɗai tsari na ilmi, a riƙa duban akwatin kafintan bakin hanya kamar rashin wayewa. Allon bango yana bukatar bango, bangon kuma yana bukatar ɗaki mai ƙofa da a ke kullewa. Ƙaramin kafinta kuwa sau da yawa rumfar kwano ce wurin aikinsa, ko inuwar dalbejiya.

Malaman fiƙihu ma suna da magana a nan, littattafan da a ke karantawa a zaurukan Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi sun taɓo ta. A mazhabar Malikiyya hukuncin sata yana rataye da ko an ɗauke abu daga hirzi, watau wurin da a bisa al'ada a ke tsare irinsa. Gizagon da aka bari gindin itace da wanda aka kulle a ɗaki ba matsayinsu ɗaya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta ɗora wa mai aro lamunin abin da a ke iya ɓoyewa, kayan aikin hannu kuwa suna cikin wannan aji, ta kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan mutane da ya karɓa ya tafi da su. Aro kuwa shi ne babbar ɓarakar da kayan kafinta su ke zurarewa ta ciki, fiye da sata. Maƙwabci ya zo neman hama don ƙusa ɗaya, kunya ta hana a hana shi, kunya ta hana a bi shi. Abin da ke rataye a fili kowa yana ganinsa ya tambaya, abin da ke cikin akwati sai wanda ya san yana nan.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi cikin 1991, sa'an nan aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi cikin 2013, wadda mazauninta ya ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, gine gine sun yawaita a wannan yanki, bukatar ƙofa da taga da gado da kujera ta ƙaru. Ƙaramin kafinta na yau yana da zaɓi wajen huɗu: akwatin katako, da akwatin ƙarfe irin na masu walda, da ƙusoshi a bango in yana da shago, da buhu. Buhu ya fi su arha, ya kuma fi su ɓarna, gama a cikinsa baki ya ke cin baki. Akwatin ƙarfe ya fi wuyar fasawa, gara kuma ba ta da rabo a ciki, amma da damina ya kan yi zafi da rana ya huce da dare, raɓa ta taru a cikinsa, a wayi gari zarto ya yi ja. Akwatin katako ya kan shanye laimar, ya fi tausaya wa ƙarfe, sai dai tilas a ɗora shi bisa duwatsu ko bulo, a riƙa duba ƙarƙashinsa, domin gara ba ta jinkiri. A garuruwan bakin fadama irin Kalgo ɗagawar tana da wani dalili kuma, wanda ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ta tuna wa kowa da shi.

Hunturu nasa ciwon dabam ne. Iska ta kan busar da ƙota har ta tsuke, kan hama ya riƙa girgiɗi, ƙura kuma ta bi kowace kafa. Abin da ke rataye a bango ya fi shan wannan ƙura, in an shafe shi da mai sai ta manne ta zama kamar yashi a bakin ƙarfe. Man ma akwai zaɓi a cikinsa. Mutanen da su kan shafa man kaɗe ko kitse, na yanzu sun fi amfani da baƙin man mota don arha, yana kuwa hana tsatsa, amma ya kan ɓata farin katako in ba a goge shi ba kafin aiki. Man gyaɗa in ya daɗe ya kan yi danƙo. Kafintan da ke da shago ya kan raba abin biyu: kayan da hannu ya ke kai wa kowane lokaci ya rataye su kusa da tebur muddin ana aiki, da magariba yaro ya sauke su, a ƙirga, a goge, a mayar cikin akwati. Injinan hannu masu aiki da lantarki kuwa, da ya ke ɗaya daga cikinsu ya kan fi sauran kayan duka tsada, da yawa ba su barinsu a shago ko kaɗan, sai su ɗaure su bayan babur su kwana da su gida.

Akwai kuma reshen sana'ar da ya komo kusa da halin masassaƙi, watau kafintan rufi. Shi ma zuwa ya ke yi wurin aiki, yau Gwandu, gobe wani ƙauye, ya hau saman gini da abin da zai iya ɗauka kaɗai. Akwati ba ya hawa tsani. Kayansa ba su wuce zarto da hama da ma'auni da igiyar awo da ƙarfen cire ƙusa ba, ya kan zuba su cikin jakar da aka ɗinka da buhun shinkafa ko tsohon tanti, wadda mutanen yamma su ke kira jikka. Haƙoran zarton kaɗai ya ke yi wa kube, da tsagaggen tiyo ko ɗan siririn katako da aka yi wa tsaga, ya ɗaure da robar tayar keke a wurin da masassaƙi ya kan sa igiyar kalgo.